Abin da Hancin Jafa Ya Faɗa

Ranar Talata na gani,
ina zuba masa gero a keji:
gashin da ke saman bakinsa,
inda ƙofofin hanci suke kamar hujin allura,
ya bar ruwan ɗorawarsa,
ya koma launin shayin da ya kwana a kofi.

Jafa ke nan, ɗan aku mai tukku,
kokatil muke ce musu a nan Mildura,
kumatu kamar an ɗiga masa lemo.
Noeline ce ta saye shi,
ita ta koya masa fito.
Ita ta tafi. Fiton ya zauna.

Na ce kabewa ce ya tsoma baki a ciki.
Sai na tuna rabona da dafa kabewa
tun kafin a kwantar da ita asibiti.
Na ce to hayaƙin gobarar daji ne,
da ya rufe kogi mako guda a Janairu.
Stavros ya leƙo ta katanga:
"Ƙura ce, Lindsay, goge masa kawai."
Na goge. Da safe abin ya dawo,
a jiƙe, gashi ya manne,
ga atishawa uku a jere,
wutsiya na ɗagawa tana sauka
da kowane numfashi.

Dakta Pham ta naɗe shi a tawul,
ta haska masa 'yar fitila.
"Tsuntsu ba ya faɗin ciwo," in ji ta.
"A daji, wanda ya nuna rauni
shi shaho ke ɗauka.
Majina ce ke tsattsafowa tana rina gashin.
Kafin ka gan ta, ta daɗe."
Ta lakato kaɗan a tsinken auduga,
a duba ko ƙwayar cuta ce, ko funfuna.

"Me yake ci?"
Gero.
"Da me?"
Gero.
"Gero kaɗai ba ya ba da bitamin A.
Cikin hanci ya bushe, ya toshe,
cuta ta sami ƙofa a buɗe.
Kana kunna hita? Kana fesa turaren ɗaki?"
Sai ta ɗago kai.
"Wa ke shan taba a gidan?"

Na dubi yatsuna biyu na dama.
Launinsu ɗaya da hancin Jafa.

Shekara talatin na yi ban taɓa ta ba,
saboda Noeline ba ta son warin.
Na koma mata daren da muka dawo daga maƙabarta,
taga a rufe, keji a gefen kujera.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Nawa, tsuntsu aka tambaya.

Yanzu safe da yamma ina ɗiga masa magani.
Auduga da ruwan ɗumi, a hankali,
ba a soka komai cikin hujin.
In zan yi wanka in kai kejin bakin ƙofa
ya shaƙi tururi.
Na kawar da shi daga hanyar iska,
na wanke labule, na wanke sandar da yake tsayawa.

Karas kuwa, ya ƙi.
Alayyafo, ya watsar da shi ƙasa yana harara ta.
Dakta ta ce ba sa cin abin da garkensu bai ci ba,
ni ne kuma garken.
Ga ni nan, ɗan shekara saba'in da uku,
zaune gaban keji ina gurgurar karas da ƙarfi,
ina cewa kai, daɗi!
Kwana tara kafin ya miƙo wuya.

Kwalin taba yana kwandon shara.
Sau biyu na ciro shi, ba zan ɓoye ba.
Sau biyun a waje na tsaya, ƙarƙashin itacen lemo.

Tabon bai goge ba tukuna,
sai tsohon gashi ya zube, in ji ta.
Amma ya bushe, atishawa ta tsaya.
Jiya da asuba ya ɗauko fiton Noeline,
ya kai rabi, ya yi shiru,
ya karkata kai yana kallona.

Ban iya fito ba.
Na gwada.